Yadda Ake Sauya Bakin Bindigar Iska Daga 4.5 Zuwa 5.5

Duk wanda ya fita da saktun, wato bindigar iska, mai bakin milimita 4.5 zuwa fili a bayan Riyad ranar da iska ke kaɗawa ya san inda take gazawa. A mita 20 tana saka ƙwaya kan ƙwaya, amma da an kai mita 45 sai iska ta riƙa ɗauke ƙwayar gefe kamar ƙaiƙayi. Wannan ne ke sa mutane neman baki mai faɗi. A bindigogin iska masu tukunya, waɗanda ake cika su da famfo ko kwamfaresa, ba lallai sai an sayi sabuwa ba, domin kamfanoni da dama sun ƙera nasu yadda za a iya cire bututu a sa wani. Sai dai kwance noti da ɗaure shi aikin rabin awa ne. Abin da ke cin yini biyu shi ne daidaita iskar da sabon bakin, kuma a nan ne mafi yawan masu gaggawa ke ɓata bindiga mai kyau.

Maganarmu a kan bindigar iska ce kaɗai. Bindiga mai harsashin wuta ba ta shiga wannan bayani, ita hannun maƙeri mai izinin hukuma take buƙata.

Kafin ka taɓa alanki

A Saudiyya saktun ba abin wasan yara ba ce a idon hukuma. Dokar makamai da harsasai ta shekarar 1426 Hijira, wato 2005, ta hana yi wa makami sauyi ba da izini ba, kuma bindigar iska tana da lasisinta a ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida. Don haka matakin farko shi ne ka koma wurin dila mai lasisi da ofishin da ya ba ka takarda, ka faɗa musu abin da kake son yi, ka sayi kayan ta hannunsu. In sun ce sai a warsha mai izini za a yi aikin, ka kai can, sauran bayanin nan zai yi maka amfani wajen sanin ko an yi maka aikin daidai. In kuma farauta ce ta sa ka neman sauyin, lasisin farauta daban yake, ana neman sa ta manhajar Fitri ta Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa, da lokacinsa da jerin abin da aka yarda a harba. Mazauna Makka da Madina ba sai an tuna musu cewa babu farauta a cikin iyakar Harami ba.

Abu na biyu, ba kowace bindiga ke karɓar sauyi ba. FX Impact da FX Crown na Suwidin, da Delta Wolf ta kamfanin Daystate na Ingila, da Edgun Leshiy 2 mai harbi a jere ba tare da an sake ɗana ta ba, duk an yi su ne da niyyar a riƙa musanya musu bututu. Wasu kuwa an danna bututunsu ne da inji ko an manne shi da gam a jikin bindigar. Irin waɗannan ka ƙyale su yadda suke. Gwajin mai sauƙi ne: in kamfanin da kansa yana sayar da cikakken kayan sauyi da sunan samfurin bindigarka, ci gaba. In sai an kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe ya rage nan ya ƙara can, kuɗin da wahalar sun fi na sabuwar bindiga.

Me ke canzawa a ciki

Faɗin bayan ƙwayar 4.5, wato inda iska ke turawa, bai kai murabba'in milimita 16 ba. Na 5.5 ya kusa 24, na 6.35 kuwa ya kusa 32. Ke nan da matsin iska iri ɗaya, ƙwayar 5.5 tana samun turi ninki ɗaya da rabi. Amma nauyinta ya fi haka ƙaruwa. Ƙwayar kamfanin JSB ta 4.5 da aka fi sani tana da giram 0.547, mai nauyi ta 5.5 tana da giram 1.175, ta 6.35 kuma giram 1.645. Turi ya ƙaru da rabi, nauyi ya ninka har da ɗoriya, ga kuma ramin bututu ya yi faɗi yana shan iska da yawa. Sakamakon shi ne in ka sa sabon bututu ba ka taɓa komai ba, ƙarfin bugu zai ƙaru amma gudu zai faɗi, ƙwaya ta riƙa yin lanƙwasa kamar jifan dutse. Wanda bai san wannan ba shi ne ke cewa an sayar masa da bututun banza.

Kayan sauyi na gaskiya guda huɗu ne. Akwai bututun kansa, tare da ramin da iska ke shiga ta ƙasansa. Akwai sandar turi, siririn ƙarfen da ke tura ƙwaya daga gidan harsashi zuwa cikin bututu ya kuma toshe bayanta. Akwai gidan harsashi na sabon bakin. Na huɗun shi ne wanda ake mantawa: murfin gaban rigar bututu, wato kwanson da ke lulluɓe bututun ta waje. Ramin da aka huda wa ƙwayar 4.5 zai iya yi wa ta 5.5 kaɗan, kuma ko gogar gashi ɗaya ta yi a hanyar fita, saiti ya tafi.

Sai kayan aiki: alanki na milimita daga 1.5 zuwa 4, masu kaifin baki, ba waɗanda suka lashe ba, giris na silikon don zoben roba, ƙarin zoben roba na sabon bakin, aƙalla uku, igiyar goge bututu da ƙyallaye, ruwan sabulu a ƙaramar kwalba, alƙalamin maka, da na'urar auna gudun ƙwaya. Wannan ta ƙarshen ba ado ba ce. In ba ka da ita ka ara, in babu ta aro ka ɗage aikin, domin kunne ba ya auna gudu.

Rubuta yadda take kafin ka kwance

Ka harba ƙwaya goma ta kan na'urar awo da tsohon bututu, ka rubuta gudun kowace. Ka rubuta abin da gejin regileta ke nunawa, wato na'urar da ke daidaita matsin iskar kowane harbi, da inda dabaran sifirin guduma yake, wato ƙarfen da ke dukan bawul ya saki iska, da na bawul in bindigarka tana da shi. Ka ɗauki hoton kowane gefe da waya. Ranar da ka so komawa 4.5, ko ranar da sabon saiti ya rikice maka, wannan takardar ce za ta mayar da kai gida.

Daga nan ka cire gidan harsashi. Cire shi bai nuna bindiga ba ta da ƙwaya ba, sau da yawa akwai ɗaya zaune a bututu. Ka harba cikin akwatin yashi, sannan ka leƙa ta baya ka ga haske ya ratsa. A masu harbi a jere abin ya fi tsanani, domin kowane harbi yana barin ta a ɗane da wata ƙwayar a shirye. Wasu ma gidan harsashinsu ba ya cirewa, sai an juya shi rami bayan rami an tabbatar kowane fanko ne.

Sai fitar da iska. Gaskiya ne cewa a wasu samfura bututu yana bayan bawul, ana iya zare shi da iska a tukunya. Duk da haka shawararmu ita ce a sauke ta, musamman a karon farko, saboda notin da ke riƙe bututu da notin da ke toshe hanyar iska sukan zauna kusa da juna kuma kamanninsu ɗaya. Bar shi ne ma'aunin matsin iska, kuma bar 200 a bayan ɗan ƙaramin noti yana mayar da shi harsashi. In tukunyar mai kwancewa ce, ka kwance ta a hankali har ka ji hucin ya tsaya. Kada ka tsaya nan: tsakanin regileta da bawul akwai ɗan ɗaki da ke riƙe iska ko bayan an cire tukunya. Ka saki wannan ta notin sakin iska in akwai, ko ta hanyar da littafin bindigar ya nuna, har geji biyun su kwanta a sifili. Kada ka yi ta harbin wofi bayan iska ta ƙare, guduma tana dukan bawul ba abin da ke tare ta, kuma hakan na lanƙwasa sandar bawul.

Cire tsoho

Ka shimfiɗa farin tawul a tebur, a ɗakin da ba fanka, ba taga a buɗe. Ƙurar Najad, yankin da Riyad take, tana da laushi kamar garin alkama, kuma ƙwayar yashi ɗaya a kan zoben roba ta isa ta sa ka sake kwance komai. In madubin saiti ya tare hanya ka cire shi tare da zobbansa, kada ka raba su.

Ka kwance rigar bututu da hannu. Sannan ka ja hannun ɗani baya don sandar turi ta fita daga cikin bututu, in ba haka ba za ka zaro bututun tana ciki ka lanƙwasa ta. Ka sassauta notin ko notocin da ke riƙe bututu, juyi biyu ko uku sun isa, ba sai sun fito ba. Ka tura alanki ya zauna har ƙasa kafin ka murɗa, domin ƙananan notocin nan da zarar bakinsu ya lashe sai an huda su. In noti ya ƙi motsi, mai yiwuwa an sa masa gam na noti a kamfani; ka ɗora kan ƙarfen soda mai zafi a kansa na ɗan lokaci, gam ɗin zai saki.

Ka ja bututun a miƙe zuwa gaba, kana ɗan juya shi kaɗan. In ka ji ya kama, ka duba ko akwai wani notin da ba ka gani ba, kada ka sa ƙarfi. Da ya fito ka leƙa cikin ramin da ya bari. A wasu bindigogi akwai ɗan guntun bututu na tagulla ko na roba mai tauri da ke haɗa bawul da ramin iskar bututu, kuma yakan faɗo ba a lura ba. Ka lura da gefen da ke sama.

Sandar turi yawanci noti ɗaya ke riƙe ta a jikin abin da hannun ɗani ke ja. Kafin ka cire ta ka auna tsawon da ta fito, ko ka ɗauki hoto da rula a gefe. Ka sa sabuwar a daidai wannan zurfin, kuma in bakinta yana da tsaga ko rami a gefe ɗaya, wannan gefen yana kallon ƙasa, wajen da iska ke fitowa. In ka juya ta, ta toshe rabin hanyar iska, za ka rasa gudu mai yawa ka yi ta neman dalili a regileta.

Shirya sabon bututu

Sabon bututu yana zuwa da man hana tsatsa a ciki, wani lokaci da ɓurɓushin ƙarfe. Ka ja ƙyalle mai ɗan jiƙe da man Ballistol daga baya zuwa gaba, sannan busassu har ɗaya ya fito fari. Kada ka sa burushin ƙarfe: ƙarfen bututun iska ya fi na bindigar wuta laushi, zanen cikinsa ma bai da zurfi.

Ka duba bakin gaba da kyau a haske. Da'irar ta zama sumul, ba tabo, ba ƙarfen da ya tashi. Nan ne ƙwaya ke rabuwa da bututu, in gefe ɗaya ya riga sakin iska, ƙwayar ta karkace tun daga fita. Ka shafa yatsa a ramin iska ta ciki da auduga. In audugar ta maƙale, akwai kaifi da zai riƙa yankar ƙwaya lokacin da ake tura ta. Sannan ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka tura ta da sandar roba ko ta katako tun daga baya har ta fita. Ya kamata ka ji tana tafiya da nauyi iri ɗaya, sai dab da baki ta ɗan matse, domin yawancin bututun ƙwaya, irin na Lothar Walther na Jamus, ana ɗan tsuke bakinsu da gangan. Ka kalli ƙwayar da ta fito: zanen ya fito daidai a kanta da siket ɗinta, wato buɗaɗɗen bayanta, ba yanka a gefe ɗaya. In ta yi sako-sako a tsakiya ko ta tsaya cak a wani wuri, ka mayar wa dila tun ba ka ɗaura ba.

Game da ramin iska, masu sana'ar suna barin faɗinsa wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na faɗin bakin, wato kusan milimita 3.5 ga 4.5, da ɗan sama da 4 ga 5.5. Wasu sukan ɗauki dirila su faɗaɗa don neman ƙarfi. Kada ka bi su. In ramin ya yi faɗi, kan ƙwaya yana nutsawa ciki lokacin turi, ya fito da rauni, kuma ƙarfen da aka cire ba ya komawa.

Zoben roba ka shafa masa giris na silikon kaɗan, ya yi sheƙi kawai. Man inji, man keke, da duk abin da aka yi da fetur haramun ne a inda iska mai matsi ke bi, domin yana iya kamawa da wuta a ƙarƙashin matsi. Shi kuma silikon ba a sa shi a zaren noti inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, yana sa su cije juna.

Ɗaurawa

Ka ja layi da maka a jikin bututun, daidai saitin ramin iska amma a wajen da zai kasance a waje, don ka san inda ramin yake bayan ya shige. Ka tura shi a hankali har ya zauna. Yawancin bututu suna da ɗan lotsi ko wuri shafaffe inda noti ke sauka. Ka ɗaure notin da yatsu biyu kana ɗan motsa bututun, za ka ji lokacin da ya faɗa lotsin. In noti biyu ne, ka ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan. Riƙe alanki ta gajeren gefensa ya isa. Jikin bindigar alminiyam ne, zarensa ba ya jure hannun makanikin mota.

Ka rufe hannun ɗani a hankali ba ƙwaya. Sandar turi ta shiga da ɗan tauri na zoben roba, ba karo ba. Ka mayar da riga da sabon murfi, ka leƙa ta baya: da'irar bututu da da'irar murfi su zauna ɗaya cikin ɗaya. In ka ga jinjirin wata a gefe, rigar ta karkace.

Wajen cika iska daga sifili, ka ɗana bindigar tukuna, da makullin tsaro a rufe, baki yana kallon wuri mai aminci. In ba a ɗana ba, guduma tana jingine da bawul, iska ta riƙa fita ta baki. Ka cika a hankali, ka tsaya a bar 100 ka saurara, ka ɗiga ruwan sabulu a mahaɗai. Iskar da za ka sa busasshiyar iska ce kawai, ko naitirojin. Iskar oksijin ta asibiti ko ta masu walda tana tarwatsa bindiga da mai riƙe da ita. Mazauna Jidda da Dammam su kula da matatar ruwa ta kwamfaresa, domin laimar bakin teku tana taruwa a tukunya ta ci ta daga ciki. In ba kumfa, ka kai ta matsin da aka rubuta a jikinta, ka rubuta lambar, ka bar ta ta kwana. Saukar 'yan bar kaɗan bayan ta huce ba yoyo ba ne, iska mai zafi ce ta yi sanyi.

Da safe ka ɗora guntun tishu a kan mahaɗar gidan harsashi ka harba ɗaya. In tishun ya tashi sama, iska na gudu ta baya: ko zoben cikin bututu ya yanke, ko sandar turi ba ta kai zurfinta ba.

Daidaita iska

Ƙwaya mai siket ba ta son gudu da yawa. Sauti yana tafiya kusan mita 343 a daƙiƙa, kuma tun kafin ƙwaya ta kai nan take fara rawa a iska. Yawanci tana natsuwa tsakanin mita 255 da 280 a daƙiƙa. Ga ƙwaya mai giram 1.175, mita 268 a daƙiƙa, wato ƙafa 880 a na'urorin da ke auna da ƙafa, wuri ne mai kyau na farawa. Lissafin ƙarfinta rabin nauyi ne a kilogiram sau gudu sau gudu, ya ba da jul 42, jul kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin bugu. Tsohuwar ƙwayarka ta 4.5 a gudun mita 274 a daƙiƙa tana ba da jul 20 da ɗan kai. Ƙarfi ya ninka, don haka abin tare ƙwaya da kake amfani da shi a istiraha, wato gidan hutu na bayan gari, ma sai an sake duba shi, katakon da ke tare 4.5 ba lallai ya tare wannan ba.

Ka fara harba ƙwaya 30 zuwa 50 don dalma ta shafe cikin sabon bututu. Kafin nan alƙaluman ba abin dogaro ba ne.

Abubuwa biyu ke jan juna: matsin regileta da ƙarfin sifirin guduma. Regileta ta tsayar da matsin da ke jiran bawul, guduma kuma ta buɗe bawul. In matsi ya hau, bawul yana ƙara tauri, guduma na buƙatar ƙarin ƙarfi. Ga 5.5 da bututu mai tsawon milimita 500 zuwa 600, ka fara da wajen bar 110 zuwa 120. Ka sassauta guduma, ka harba uku, ka rubuta, ka ƙara mata ɗan juyi, ka sake. Gudu zai yi ta hawa, sai ya kai inda ƙarin juyi ba ya ƙara komai sai ƙara da ɓarnar iska. Wannan ne ƙololuwar wannan matsin. In ƙololuwar ta tsaya a 255 alhali kana neman 268, matsin ya yi kaɗan, ka ƙara bar 10 ka sake hawa daga ƙasa. Abin da ake nema shi ne ƙololuwar da ta fi gudun da kake so da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, misali 278, sannan ka sassauta guduma har gudu ya sauko 268. A nan bindiga take yin shiru, take tattalin iska, kuma ɗan motsin regileta ba ya bayyana a takarda. Wanda ya bar ta can ƙasa da ƙololuwa zai ga harbin farko bayan ta daɗe a ajiye yana faɗuwa ƙasa, saboda matsi ya ɗan hau ya fi ƙarfin guduma.

Ka kiyaye abu ɗaya: yawancin regileta ana ƙara musu matsi da iska a ciki, amma ba a rage musu sai an fitar da iskar. Murɗa notin ta wajen ragi alhali akwai matsi yana lotsa wurin zaman fistan, daga nan regileta ta fara rarrafe, ka bar ta a 120 ka dawo ka tarar da 130. Shi ya sa ake farawa daga ƙasa a hau.

Da ka samu wurin, ka harba goma a jere. In tazarar mafi gudu da mafi jinkiri ba ta wuce mita 3 ko 4 a daƙiƙa ba, aiki ya yi. Ka duba gejin tukunya kafin goman da bayansu. A ce ka cika zuwa 250, regileta tana 120, goman sun ci bar 13: kana da harbi kusan 100 kafin matsi ya faɗo ƙasa da regileta. Zai yi ƙasa da abin da ka saba samu a 4.5, wannan shi ne kuɗin babban baki.

Masu harbi a jere suna da ƙarin sharaɗi. Su wani kaso na iskar harbi ne ke juya gidan harsashi ko mayar da ƙarfen ɗani baya, don haka saitin da ya fi tattalin iska zai iya zama bai isa ya juya injin ba. Alamarsa ita ce harbi ɗaya ya fita, na biyu kunama ta yi shiru, ko gidan harsashi ya tsaya tsakanin rami biyu. Maganinsa ƙarin matsi kaɗan-kaɗan, bar 5 a lokaci guda, har ta juya gida uku cikakku ba tuntuɓe. A irin waɗanda ƙwaya ke tashi kai tsaye daga gidan harsashi ba sandar turi, tazarar da ke tsakanin gidan da bayan bututu ita ce komai: in ta yi faɗi iska ta fesa gefe, in ta matse gidan ya ƙi juyawa. Ka bi ma'aunin da ke littafinta, ka kuma danna kowace ƙwaya ta zauna daidai a raminta. In kunama ta yi shiru, kada ka sake ɗanawa ka tura wata ƙwayar a kan ta farko. Ka cire gida, ka fitar da iska, ka turo abin da ke ciki da sanda daga gaba zuwa baya.

Saiti da zaɓen ƙwaya

Tsohon saitin madubi ya tashi aiki. Ka fara a mita 10 da babbar takarda don ka ga inda take faɗuwa, sannan ka koma mita 25. A madubin da ke da ɗigo 0.1 na mil (mil a nan ma'aunin kusurwa ne, ba na nisa ba), kowane ƙas na dabaran saiti yana matsar da ƙwaya santimita 1 a mita 100, wato milimita 2.5 a mita 25. A mai rubu'in mintin kusurwa kuwa kusan milimita 1.8 ne a mita 25. Ka harba biyar kafin kowane gyara, ka bi tsakiyar tarin, kada ka bi ƙwaya ɗaya. Bayan nan ka harba a 15, 35, 45 da 55 ka rubuta faɗuwar kowane, ka manna takardar a ƙota.

Ƙwayar 5.5 ba duka girmansu ɗaya ba. A ƙasan gwangwani za ka ga 5.50, 5.51, 5.52 ko 5.53, girman kan ƙwayar ke nan, kuma kowane bututu da wanda yake so. Ka sayi gwangwani uku ko huɗu daban-daban, na JSB da na H&N, ka gwada da sassafe kafin iska ta tashi. In kowace iri tana watsuwa, ka cire murfin gaba ka sake harbi. In tarin ya haɗu, ƙwaya na gogar murfi, za ka ma ga ɗan farin dalma a bakin raminsa. In ƙwaya tana huda takarda a kaikaice, gudu ya yi yawa ko bakin bututu yana da tabo. In tarin yana tafiya a hankali zuwa gefe ɗaya, notin bututu ne ke sassautawa, ɗigo ɗaya na gam ɗin noti mai shuɗi zai tsayar da shi, ban da ja, wanda sai da wuta yake kwancewa.

Zafin ƙasar nan ma yana da hannu. Tukunyar da aka cika zuwa 250 a ɗaki mai digiri 25, in ta zauna a motar da ta kai digiri 60 za ta haura 279. Zafi yana kuma busar da zoben roba ya taurara, shi ya sa bindigar da ba ta yoyo a watan Janairu take fara huci a Agusta. Saitin da aka yi da sanyin safiya a sake duba shi a na'urar awo in za a fita da rana, domin gudu yana ɗan hawa da zafi.

Tsohon bututun ka goge shi, ka shafa masa mai ta waje, ka naɗe shi tare da sandarsa da gidansa da murfinsa da takardar alƙaluman da ka rubuta tun farko, a cikin bututun roba mai murfi don kada ya lanƙwashe. Gwangwanayen 4.5 ka fitar da su daga jakar fita gaba ɗaya. Ƙaramar ƙwaya tana shiga gidan 5.5 ba gardama, ta zame ta kwanta a kaikaice ko ta faɗa ramin iska, kuma fitar da ita daga can sai an sake zare bututu. In ka gama ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa dabino ko gahawa, dalma ce ka yini kana murzawa.